Kafin Ka Aiko Da Kuɗin Fuloti

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo a 'yan shekarun nan ya ga yadda gonaki suke komawa fulotai. Inda dā ake shuka gero da dawa, yanzu sai turaku da duwatsun iyaka, da harsashin gini nan da can. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 Birnin Kebbi yake ta faɗaɗa. Sa'an nan a 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a, aka ba ta mazauni a Kalgo, kan hanyar Bunza. Malamai suna neman gida, ɗalibai suna neman ɗakin haya, ƙasa kuwa ta yi daraja.

Labarin nan ya kai kunnen 'ya'yanmu da suke nesa: na zangon Kumasi da Akara, na Jidda, na Ingila da Amurka, har da waɗanda aikin soja ko na ofis ya kai su Legas da Fatakwal. Kowa yana so ya kafa bango a gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko da kusan dala miliyan dubu 20. A farkon Yuni na shekarar nan dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura Naira 1,500. Mai ɗan ajiya a waje sai ya ga kuɗinsa ya isa fuloti. Masu damfara su ma sun yi wannan lissafi.

Ga yadda abin yakan faru. Dillali ya aiko da hoton fili ta waya, ya ce mutum uku suna nema, in ba a ba da kafin alƙalami yau ba, gobe ya tafi. A aiko da kuɗi. Bayan shekara biyu mai kuɗi ya zo hutu, ya tarar wani ya yi gini har linta, shi ma da tasa takardar. Wani kuma da rani aka nuna masa wuri busasshe, ashe bakin fadama ne, da damina sai kwalekwale. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ya san abin da muke nufi.

A ƙasar Gwandu, wajen su Kambaza da Dalijan, mafi yawan gonaki na gado ne. Ɗaya daga cikin magada yakan sayar da gonar da ba a riga an raba ba, ba da sanin sauran ba. Ranar da suka ji, sai kotu. Mai saye kuwa yana can wata ƙasa, ba ya iya zuwa zaman shari'a ko sau ɗaya.

Amma mu faɗi gaskiya, wadda ta fi ciwo ba ta dillali ba ce. Ita ce ta cikin gida. Mutum ya ɗora wa ƙanensa, ko surukinsa, ko wani da suka tashi tare a majami'a ɗaya, aikin gina masa gida. Kowane wata yana aiko da kuɗin siminti da bulo da kwano. Kowane wata ana aiko masa da hoto, gini yana tashi. Ranar da ya sauka, sai a yi ta kewaye-kewaye: mai mabuɗi ya yi tafiya, hanya ta lalace, a bari sai jibi. Daga baya ya gane hoton ginin maƙwabci ake ɗauka. Sau da yawa wanda ya ci amanar bai tashi da niyyar sata ba. Rashin lafiya ta zo, ya ara kaɗan. Kuɗin makaranta ya zo, ya ƙara. Ramin ya yi zurfi har ya kasa faɗa. Mai kuɗi kuma kunya ta hana shi tambayar rasit. Yaya zan ce wa yayana ya sa hannu, kamar ban yarda da shi ba? A ganinmu wannan kunyar ita ce ƙofar da ɓarna take shigowa, tana kuwa cin kuɗi da zumunci gaba ɗaya.

Masu karatunmu za su tuna da annabi Irmiya, a sura 32. Gonar Anatot daga hannun ɗan baffansa Hanamel ya saye ta. Duk da haka ya auna azurfa shekel 17, ya rubuta takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya ba Baruk ya ajiye a tulu don ta daɗe. Ba mu ji Hanamel ya yi fushi ba.

Dokar ƙasarmu ma takarda take nema. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, dukan ƙasar jiha tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Abin da mutum yake saye izinin zama ne da amfani. A wurin da aka ayyana birni ne, Gwamna yake ba da izinin, da takardar da ake kira C of O, wadda galibi ta shekara 99 ce in gidan zama ne. A karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ce take bayarwa. Kuma ba a sauya hannu sai da yardar wanda ya ba da izinin. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba da yardar Gwamna ba, banza ce. In banki da lauyoyinsa sun yi asara a kan wannan, ina ga mai wankin mota a Jidda? Takardar ciniki da mai unguwa ko hakimi ya sa wa hannu tana da amfani, gama ita ce shaidar an yi ciniki a gaban mutane, amma ba ta maye gurbin ta hukuma.

Akwai wani abu kuma. A 2024 aka fara aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda za ta ratsa Jihar Kebbi. In wani ya ce maka ka sayi fili a kan layin hanya domin ka ci diyya, ka sani doka ta ba Gwamna ikon karɓe ƙasa saboda aikin jama'a, diyyar kuwa ta gini ce da amfanin gona, ba ta filin da ba kome a kansa ba.

To, me mutum zai yi daga nesa? Kada mai nemo fili ya zama shi ne mai bincike, shi ne kuma mai riƙe kuɗi. A raba aikin. A sami lauya wanda ba mai sayarwa ne ya kawo shi ba, ya je ofishin filaye a Birnin Kebbi, ko sakatariyar Kalgo ko ta Gwandu, ya duba sunan wa yake kan fayil. A kai safiyo ya auna, ya gwada da taswira. A aiki wani dattijo dabam ya taka wurin da ƙafarsa, ya gaisa da masu gonakin da suke iyaka da shi, ya tambaye su tarihin wurin; su ne suka fi kowa sani. In gonar gado ce, dukan magada su sa hannu, mata da maza. Kuɗi ya bi ta banki zuwa sunan da yake kan takarda, takarda kuma ta fito da sunanka kai, ba na wanda ka aika ba. Wajen gini, a biya mataki mataki, wani wanda ba ruwansa da kuɗin ya je ya gani kafin a ƙara. In an sami hali a ga wurin da damina, ya fi.

Wanda abin ya riga ya same shi, kada ya zubar da rasit ko saƙon waya ko guda. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da ƙarya, Hukumar EFCC kuma tana da ofishi a Sakkwato wanda yake kula da Kebbi. In na gida ne ya yi, yawancin iyalai sukan fara da zaman dattawa, mu ma ba mu ƙi ba. Sai dai ko a wannan zaman, a rubuta nawa aka ci, da ranar da za a biya, shaidu biyu su sa hannu.