Koriyanci da Jawanci: Harsunan da Suka Dasa Ladabi a Cikin Nahawu

Koriyanci da Jawanci suna cikin manyan harsunan nahiyar Asiya. Waɗanda suka tashi da Koriyanci a baki sun kai kimanin miliyan 80, akasarinsu a Koriya ta Kudu da Koriya ta Arewa, sai kuma wasu al'ummomi a Sin da Japan da Amurka da Asiya ta Tsakiya. Jawanci kuwa harshen tsakiya da gabashin tsibirin Jawa ne a ƙasar Indonesiya, kuma masu shi sun doshi miliyan 70 ko ma fiye. Harsunan nan biyu ba su haɗa kaka ba, amma masana kan ambace su tare idan aka zo batun ladabin magana, domin a kowannensu da wuya mutum ya kai ƙarshen jimla bai bayyana matsayinsa da na abokin maganarsa ba.

Asali da ginin jimla

Jawanci ɗan babban gida ne. Yana cikin dangin harsunan Ostiraneshiya, wanda ya haɗa da Malayanci da Tagalog na Filifin da Malagasi na Madagaska, kuma a duk dangin babu wanda ya kai shi yawan masu magana da shi tun daga haihuwa. Koriyanci kuwa ba a tabbatar masa da dangi ba, in ban da harshen tsibirin Jeju, wanda wasu ke ɗauka karin harshe ne kawai, wasu kuma harshe mai zaman kansa.

Tsarin jimlarsu ma ya sha bamban. Jawanci yana sa aikau a gaba, aikatau a tsakiya, karɓau a ƙarshe, kamar yadda Hausa ke yi. Koriyanci yana ajiye aikatau can ƙarshen jimla, ya yi ta liƙa masa ɗafa-ƙeya ɗaya bayan ɗaya don nuna lokaci da yanayi da girmamawa, sannan ya maƙala wa sunaye ƙananan gaɓoɓi masu nuna aikinsu a jimla. Aikatau na Jawanci bai damu da lokaci ba, wasu kalmomi daban ne ke nuna ko aiki ya wuce ko yana tafe.

Kowannensu ya yi aro mai yawa daga maƙwabciyar wayewa. Fiye da rabin kalmomin ƙamusun Koriyanci daga Sinanci suke, har ta kai harshen yana da ƙirga iri biyu: "hana, dul, set" na gida, da "il, i, sam" na aro. Wajen faɗin lokaci, da na gida ake ƙirga awa, da na aro ake ƙirga minti. Jawanci ya ɗebi nasa daga Sanskirit na Indiya, daga baya ya ƙara da Larabci bayan shigar Musulunci, sai kalmomin Turawan Fotugal da na Holan.

Yadda Koriyanci ke girmamawa

A Koriyanci, nauyin ladabi yana kan wutsiyar aikatau. Littattafan nahawu na gargajiya sun lissafa matakan magana bakwai, ko da yake huɗu ne suka fi yawo a bakin mutane yau. Kalmar "gada" tana nufin tafiya. Ga aboki ko ƙaramin yaro sai a ce "ga", ga baƙo ko abokin aiki "gayo", a taro ko a labaran talabijin "gamnida", a rubutun jarida kuma "ganda". Saiwar kalma tana nan yadda take, ƙarshenta ne ke sauyawa. Koriyawa sun raba waɗannan gida biyu: "jondaenmal", maganar girmamawa, da "banmal", maganar saba'a.

Akwai kuma girmama wanda ake magana a kansa, ko yana nan ko ba ya nan. Ana cusa gaɓar "si" a cikin aikatau, sai "gamnida" ta koma "gasimnida" idan mai tafiyar babba ne. Wasu 'yan kalmomi kan sauya gaba ɗaya: abincin kowa "bap" ne, na dattijo "jinji"; gidan kowa "jip", na babba "daek"; yaro yana "jada", wato barci, kakansa yana "jumusida". Mai magana ma kan ƙasƙantar da kansa, ya bar "na" ya ce "jeo" a matsayin ni. Wannan ne ya sa idan Koriyawa biyu suka haɗu da farko sukan nemi sanin shekarun juna, domin bambancin shekara ɗaya tak yana iya yanke wanda zai girmama wani. Kiran babba da gundarin sunansa abin kunya ne, don haka namiji kan ce wa wanda ya girme shi "hyeong", mace ta ce "oppa", a ofis kuma a kira mutum da muƙaminsa. Koyarwar Konfushiyas, wadda daular Joseon ta ɗauka tafarkin mulki tun daga 1392, ta ƙarfafa wannan tsari na fifita babba a kan ƙarami.

Yadda Jawanci ke girmamawa

Jawanci ya bi wata hanya dabam: kalmomin kansu ake musanyawa. Matakansa uku ne, "ngoko" na saba'a, "krama" na ladabi, da "madya" a tsakaninsu. Wanda zai ce wa abokinsa zai ci shinkafa cewa zai yi "Aku arep mangan sega." Idan surukinsa zai faɗa wa, sai ya ce "Kula badhe nedha sekul." Ma'ana ɗaya ce, amma babu kalma ko ɗaya da ta maimaitu. Ɗaruruwan kalmomin yau da kullum suna da irin wannan tagwaitaka: ruwa "banyu" ne ko "toya", gida "omah" ko "griya", ɗaya "siji" ko "setunggal", biyar "lima" ko "gangsal". Har ɗafi yana sauyawa, inda ɗafa-goshin "di" ke komawa "dipun".

A saman waɗannan akwai "krama inggil", kalmomin da ake ɗaukaka wani da su, da "krama andhap", waɗanda mai magana ke sauke kansa da su. Ci a wajen uba "dhahar" ne, barcinsa "sare", isowarsa "rawuh". Ƙa'idar ita ce mutum ba ya ɗaukaka kansa da waɗannan kalmomi. Wanda ya ce shi ma zai "dhahar" ya nuna ƙarancin tarbiyya. Sanin wannan duka shi Jawawa ke kira "unggah-ungguh", kuma yaron da bai gama laƙantarsa ba akan ce bai zama Bajawe ba tukuna. Tsohon Jawanci bai san wannan cikakken rabo ba. Masana suna danganta bunƙasarsa da fadar daular Mataram tun ƙarni na 17, kuma har yau maganar Yogyakarta da Surakarta, magadan wannan fada, ita ce ma'auni. Harsunan maƙwabta, Sundanci da Balinanci da Maduranci, ma sun samu irin waɗannan matakai ta hanyar cuɗanya da Jawanci.

Rubutu

Jawanci ya daɗe da alƙalami. Rubutun Sukabumi na shekarar 804 shi ne mafi tsufa da aka samu cikin Tsohon Jawanci, kuma a 1365 Mpu Prapanca ya tsara waƙar Nagarakretagama game da daular Majapahit. Haruffan "hanacaraka" guda 20 tsatson rubutun Indiya ne, kowanne baƙi ne ɗauke da wasali. Akwai kuma "pegon", wato rubuta Jawanci da haruffan Larabci, wanda ɗaliban makarantun addini ke rataya fassara da shi a ƙarƙashin layukan littattafan Larabci, daidai da abin da almajiran ilimi ke yi da ajami a ƙasar Hausa. Yau dai haruffan boko ne suka mamaye.

Koriyawa sun yi ƙarnoni suna rubutu da haruffan Sin kafin Sarki Sejong ya ƙirƙiro Hangul a 1443, aka shelanta shi a 1446 don talaka ya iya rubuta abin da ke ransa. Haruffa 28 ne da farko, yanzu 24 ake amfani da su, baƙaƙe 14 da wasula 10. An zana tushen baƙaƙen bisa siffar gaɓoɓin furuci, ana kuma harhaɗa haruffa gaɓa-gaɓa. Koriya ta Kudu tana bikin ranar Hangul kowace 9 ga Oktoba.

Halin da suke ciki a yau

A nan ne hanyoyinsu suka rabu. Koriyanci ya sha matsi a zamanin mulkin Japan daga 1910 zuwa 1945, har aka kama masanan Ƙungiyar Harshen Koriya a 1942, amma ya fito a matsayin harshen hukuma na ƙasashe biyu, harshen makaranta da kotu da kasuwa. Da yake Bakoriye ba shi da wani harshen da zai tsere wa matakan, sai aka sauƙaƙa su daga ciki: wasu sun koma finafinan tarihi da littattafan addini, matakin da ke ƙarewa da "yo" kuma ya zama na kowa da kowa.

Jawanci bai samu wannan gata ba. A ranar 28 ga Oktoba 1928 matasan 'yan kishin ƙasa suka zaɓi Indonesiyanci, wanda tushensa Malayanci ne, ya zama harshen haɗin kai, tsarin mulkin 1945 kuma ya tabbatar da hakan. Indonesiyanci ba shi da matakai, don haka matashin da ke tsoron yin kuskure a gaban dattijo sai ya koma gare shi. Sakamakon haka "ngoko" yana nan da ransa a gida da kasuwa, amma masu iya "krama" sosai suna raguwa, musamman a birane. Ana koyar da Jawanci a makarantun lardunan Jawa ta Tsakiya da Jawa ta Gabas da Yogyakarta, ana kuma jin sa har a Suriname, inda Holan ta kai ma'aikatan gona daga 1890 zuwa 1939. Yawan masu magana ya isa ya raya harshen kansa, sai dai ɗorewar matakinsa na ladabi ta dogara ne ga iyayen da za su ci gaba da koyar da shi a gida.