'Yar Wuƙar Aljihun Dattijo

Har zuwa 'yan shekarun baya, in aka ce dattijon Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya zazzage aljihun 'yar cikinsa, kowa ya san abin da zai zubo: carbi, goro a naɗe cikin ɗanyen ganye, guntun asuwaki, 'yan kwabbai, sai 'yar wuƙa. Da ƙotar da ruwan duka ba ta kai taƙi ba. Ganinta ba ya ba kowa tsoro, rashinta ne ma ke jawo wa mutum tsiya. A miƙo wa magidanci karan rake a majalisa ya shiga waige-waige yana neman aro, sai ka ji abokin wasansa ya ce, "Kai kuwa da me ka fito daga gida? Ko uwargida ce ta ƙwace?"

Unguwannin nan na Kano, da su Darmanawa da Daurawa da Hotoro da Unguwa Uku, ƙauyukan bayan ganuwa ne kafin birni ya miƙo ƙafa ya haɗiye su. Inda manyan gine-gine suke a yau a bakin titin Zariya da titin Maiduguri, gero da dawa da gyaɗa ake nomawa. Wanda zai wuni a gona kuwa ba ya fita hannu rabbana: ga igiyar jaki da za ta sarƙe, ga rama da za a ɓare a ɗaure dami, ga rogo da za a fere in yunwa ta taso. Gonakin suka zama filaye, filayen suka zama gidaje, amma aljihu bai saki abin da ya saba da shi ba sai can baya-bayan nan.

Wuƙa ta asali ita ce ƙirar gida. Kano ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Masu binciken tarihi sun gano alamun narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin da aka gada ya ce kakan Abagayawa, maƙeran farko na garin, daga Gaya ya taho neman tama. A zamanin da muka taso an daɗe da barin tama. Sifirin tsohuwar mota ake samowa daga wajen 'yan Ƙofar Ruwa, don maƙera sun ce babu ƙarfen da ya kai shi riƙe kaifi. Yaro na zuga, maƙeri ya ciro jan ƙarfe da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har baki da tsini su fito, ya bi da magagari, sannan ya sake gasawa ya tsoma a ruwa. A tsomawar nan ake gane gwani. Wani ya tsoma wuƙa ta yi gautsi, ranar da ta gamu da ƙashi ta gutsure. Wani kuma tasa ta fito da laushi, kullum kana kan dutse kana wasawa. Daga maƙera sai hannun baduku, ya ɗinka mata kube na jar fata, ya yi masa 'yar zayyana da baƙi ko kore, ya sa hanci inda za a zura igiya.

Sayenta ma wani sha'ani ne. A Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), mai saye ba ya tambayar kuɗi sai ya gama gwaji. Zai zare ta, ya ƙyasta ruwan da farce kusa da kunnensa ya saurari kukan ƙarfen, ya dube ta ta tsawo ko ta karkace, sannan ya naɗe hannun riga ya ɗan aske gashin hannunsa. Mai sayarwa na kallo, ba ya tanka masa, sai dai ya ce, "Alhaji, bi ta a hankali, ba ta san mai ita ba tukuna."

Daga baya ta kanti ta shigo, mai ninkewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota, ba ruwanta da kube. Wadda ta fi suna ita ce Okapi, da aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ƙotar katako gare ta, da 'yan zanen wata da taurari, da zobe a baya da ake ja in za a rufe. In ana buɗe ta tana yin ƙarar-ƙarar sannan ta ce ƙas, kuma samarin wancan lokaci ƙarar suke saye fiye da kaifin. Direbobi da 'yan kamasho da masu sayar da lemo suka rungume ta. Tsofaffi da yawa ba su yarda da ita ba. Hujjarsu ita ce wuƙar da ke da gaɓa wata rana za ta ninke a kan yatsan mai ita, kuma datti na maƙalewa a cikin ƙotar, ba ta wankuwa tas bayan yanka. A ganina suna da gaskiya a ta biyun.

Amma in ana son a ga inda 'yar wuƙa ta fi daraja, sai a shiga zauren makarantar allo. Kakana yana da wata 'yar siririya mai ƙotar ƙaho, wadda wasawar shekaru ta cinye ruwanta har ya koma rabin faɗinsa. Aikinta ɗaya ne a duniya, feƙe alƙalami. Ba ta taɓa rake ba, ba ta taɓa nama ba, kuma a cikin gafaka take kwana. Da hantsi, bayan an tashi daga karatun safe, sai ya jawo 'yan sillayen kara busassu, ya murza kowanne tsakanin yatsu, ya zaɓi wanda ba shi da tsaga. Ya yanke daidai taƙi. Ya kwantar da wuƙar ya zabtare gefe ɗaya a karkace, zabga guda, ba ya maimaitawa. Ya rage kumatun nan biyu kaɗan-kaɗan har bakin ya tsuke, ya ɗan tsaga tsakiya don ya riƙe tawada. Sai na ƙarshe, wanda mu yara muke jira: ya ɗora bakin a kan farcen babban yatsansa ya datse, ƙit. Faɗin wannan datsar shi ne kaurin rubutu. Ƙolo mai babbaƙu a ba shi mai faɗi, ya ga harafinsa ɓaro-ɓaro a allo. Gardin da zai sa wasali da jar tawada a ba shi mai siririn baki. Ya tsoma a tawada ya ja layi a gefen allo, in bai yi masa ba ya sake datsewa.

Yaro ba ya taɓa wannan wuƙar. Ranar da aka miƙa wa almajiri ita aka ce ya feƙe nasa da kansa, ya san an fara lissafa shi cikin manya. Zai karɓa da hannu biyu yana durƙushe, ya ce, "Allah ya gafarta Malam." Amsar ba ta wuce, "Ka dawo min da ita yadda na ba ka."

Akwai kuma dalilin addini, wanda ni a wurina shi ne ya riƙe al'adar har ta daɗe haka. Ƙasa ce ta dabbobi a titi. Mota ta banke akuya a wajen 'Yan Awaki na Unguwa Uku, ko kaza ta faɗa ƙarƙashin keke, kalmar farko da za ka ji ita ce, "Wa ke da wuƙa?" In an samu, mai dabba ya tsira da nama. In ba a samu ba ta zama mushe, an yi asara biyu. Wanda ya zaro tasa ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya goge wuƙarsa da ƙasa ya wuce, wani sa'in ko sunansa ba a tambaya ba. Bayan ya tafi ne gardama ke tashi. Wanda ya ɗan zauna gaban malami ya karanta Risala zai ce a duba tukuna, don in motar ta riga ta tsinke laka ko ta fasa hanji, a mazhabarmu yankan bai halatta ta ba. Wani ya ce ai ta motsa ƙafa, jini kuma ya yi tsartuwa. Ana iya kaiwa la'asar ana wannan, akuya na rataye.

Ladubbanta ba a rubuce suke ba, amma ba yaron da bai sha ranƙwashi a kansu ba. Ba a miƙa ta ta tsini, ƙota ake juya wa mai karɓa, in da kube a mayar da ita ciki tukuna. Ba a nuna mutum da ita ko da wasa, kuma wannan malamai sun ce hani ne daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ba a barin ta kaifi na kallon sama. Wanda ya ara ya fere abu, ya wanke ya goge kafin ya mayar. Zare ta cikin fushi kuwa, ko da ba a taɓa kowa ba, abin kunya ne da ke bin mutum har 'ya'yansa su zo neman aure.

A cikin gida ma tana da nata matsayi, kuma a nan ne aka fi saɓani. Tsofaffin mata kan ajiye 'yar wuƙa a wajen kan jariri in uwar za ta fita tsakar gida ta bar shi shi kaɗai a ɗaki. Mai jego da mai takaba ma akan ba su su riƙe. Ka tambayi kaka dalili, ta ce iska da maye ba sa son ƙarfe. Malaman Islamiyya suka ce camfi ne, addu'a ce tsarin yaro, har wasu suka kai abin ga shirka. Na taɓa jin wata gwaggo ta ba jikarta amsa da cewa, "Ke dai karanta addu'arki, ni kuma ki bar min wuƙata inda na sa ta." Yau da wuya ka ga matashiyar uwa a Tarauni tana yi da kanta, sai dai in ta je wanka gida ta tarar da tsohuwa mai ƙarfin hali.

Tara wuƙaƙe don ado, a jera a bango ana nuna wa baƙi, ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce. Su ne ke taruwa da kansu a ƙasan adaka. In dattijo ya rasu aka buɗe, sai a tarar da barhon da ya gada wurin mahaifinsa, da wuƙar layya da ba ta fitowa sai ranar Babbar Sallah, da wata ta damtse mai zoben fata da ya saya hannun Buzu mai gadi, cikin waɗanda fari na 1973 ya koro daga ƙasar Agadas, da Okapi biyu ko uku da zobensu ya karye bai yarda an yar ba. Kowacce da labarinta, kuma shi kaɗai ya san shi. Magada su raba gida da gona bisa ƙa'ida, wuƙaƙen kuwa a bar wa wanda ya nuna sha'awa, in babu su bi 'yan gwangwan. Masu kyan cikinsu kan ƙare a rumfunan kayan gargajiya na Kurmi, inda baƙi daga Turai ke saye. Wanda ke son ganin tsofaffin makaman Kano a adane sai ya tafi Gidan Makama.

Reza ce ta fara yi wa 'yar wuƙa illa. A lokacin ta kwabo ce, ba ta son wasawa, kuma almajiri na iya ɓoye ta a hula. Sai biro ya rage aikin alƙalami, mai rake da mai kankana suka koma yankawa suna ƙullawa a leda. Duk da haka ba waɗannan ne suka raba ta da aljihu ba. Bayan hare-haren Kano na 20 ga Janairu 2012, da na Babban Masallacin Juma'a na birni ranar 28 ga Nuwamba 2014, shingayen bincike suka cika gari, aka fara laluben mutane a ƙofar masallaci da asibiti da banki. Ba dattijon da zai so yaro sa'an jikansa ya zaro masa wuƙa daga aljihu a bainar jama'a yana tambayarsa ta mece ce. Sai aka fara barin ta a gida.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne daba da ƙwacen waya. Da can ma akwai 'yan tauri da 'yan farauta da manyan wuƙaƙensu, amma an san su, an san ranar kiɗansu, an san sarkinsu. Na yanzu yara ne da ke soke ƙarfe a ƙugu su tare mutum a lungu ko cikin A Daidaita Sahu saboda waya. Abin ya kai a 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Ban ga laifin hukuma ba a nan, rayuka ake ɗauka. Haushina shi ne yaran da ba su taɓa feƙe alƙalami ko fere wa ƙaninsu mangwaro ba, su ne suka shafa wa kayan aikin kakanninsu baƙin jini, har ya zama mai mutunci ba ya iya fita da ita.

Ba na ce kowa ya mayar da wuƙa aljihu ba, zamanin bai ba da wannan ba, kuma wanda aka kama da ita a titi shi ya jawo wa kansa. Amma mai tsoho a gida ya tambaye shi tun yana da rai: wannan wa ya ƙera ta, a wace maƙera, wa ya ɗinka kuben? A goge tsatsar, a shafa mata man gyaɗa, a mayar da ita kubenta a ajiye inda yara ba sa kaiwa. In 'yan gwangwan sun zo, a ba su tsohuwar tukunya.