Faifan Dawowa a Waƙar Gambara ta Zamani

Masu waƙar hip-hop, wadda mu ke kira gambara ta zamani, suna da wata al'ada da ba a san ta ba a waƙarmu ta dā. Idan mawaƙi ya daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, ko kuwa tauraronsa ya dushe, sai ya tara waƙoƙi a faifai guda ya fitar don ya shaida wa jama'a yana nan da ransa. Shi ne faifan dawowa.

Dalilin da ya sa ba mu gaji wannan ba a fili ya ke. Makaɗin fada yana da ubangida, ko ya shekara bai buga kotso ba, cinsa da suturarsa suna wuyan sarki. Haka malamin zaure a Madabo, tsohuwar unguwar Wangarawa a birnin Kano: in ciwo ya kwantar da shi, almajiransa sa jira, ran da ya warke a ɗora daga inda aka tsaya. Shi kuwa mai gambarar zamani ba shi da ubangida sai kasuwa da gidan rediyo, su kuwa ba su ajiye wa kowa shimfiɗa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Eedris Abdulkareem, wanda aka haifa a 1974, ya tashi a Kano. Ya yi suna a Ikko cikin ƙungiyar Remedies a ƙarshen shekarun 1990, sa'an nan ya ware. A 2004 ya fitar da Jaga Jaga, inda ya zayyana lalacewar al'amuran ƙasa. Shugaba Obasanjo ya fusata, aka hana sa waƙar a rediyo. Cikin Disamba na shekarar nan kuma rigima ta haɗa shi da 50 Cent, mawaƙin Amurka, a kan wurin zama cikin jirgin sama, gama shi yana ganin ana fifita baƙo a kan 'yan gida. Shi da kansa ya sha faɗin cewa daga nan masu shirya manyan wasanni suka juya masa baya.

To, a 2007 sai ga faifansa mai suna King Is Back, watau sarki ya dawo. Mai nazarin adabi ya kamata ya tsaya a kan sunan nan. Makaɗin fada ba ya kiran kansa sarki, wani ya ke wasawa. Wanda ke wasa kansa a al'adarmu shi ne ɗan dambe ko mafarauci, sa'ad da ya fito fage yana kirari, yana ambaton mazan da ya kayar. Ashe faifan dawowa ɗan'uwan kirari ne, da kirari kuma ya kamata a gwada shi in za a koyar da shi a aji. Abin da ya raba su, ɗan dambe yana gama kirari za a tura masa abokin karawa a gani. Mawaƙi kuwa sai ya jira hukuncin masu saye, watanni ana nan.

Hukuncin bai yi wa Eedris daɗi sosai ba. Kafin ya dawo, kunnen matasa ya koma ga waƙoƙin soyayya da na rawa irin na 2Face Idibia da D'banj da P-Square, faifan bai mai da shi matsayinsa na 2004 ba. A ganina kuwa ba kirarin ne ya riƙe sunansa ba, zambon masu mulki ne, irin wanda 'yan gambararmu na kasuwa suka saba yi wa marowata. A Afrilun 2025 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana sa waƙarsa Tell Your Papa, wadda ya yi wa ɗan Shugaba Tinubu, shekara 21 bayan Jaga Jaga.