Karatun Laburare: Sana'ar da Ke Jiran Masu Sha'awa

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai ɗaliban da ke tsintar sunansu a sashen kimiyyar laburare sai gabansu ya faɗi. Da yawansu aikin lauya suka nema ko aikin jarida, maki bai kai ba, aka turo su nan. A gida kuma tambayar da ke jiransu guda ce: yanzu shekara huɗu za ka yi kana koyon jera littafi a kanta? Wannan raini ya yi mana ɓarna fiye da yadda muke zato, domin ya sa sana'ar na cika da waɗanda ba su so ta ba, alhali waɗanda aka halitta dominta suna can waje suna yin aikinta ba tare da sun san sunansa ba. Ina nufin mai tara waƙoƙin Shata, da yarinyar da ta san kowane littafin soyayya da marubuciyarsa, da maɗinkin hula da ya haddace zane iri-iri da sunan kowanne. A ganina, waɗannan ne ya kamata sassan laburare su nema ruwa a jallo, kuma abin da suke so ɗin ne ɗakunan karatunmu suka fi sakaci da adana shi.

Karatun ba na jiya ba ne. A 1953 hukumar UNESCO ta yi taro a Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka, a 1960 kuma makarantar horar da ma'aikatan laburare ta Ibadan ta fara ɗaukar ɗalibai da tallafin gidauniyar Carnegie. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a Zariya a 1968, ita ce ta fara ba da digirin farko a fannin, sannan Bayero da Maiduguri suka biyo baya kafin ƙarshen shekarun 1970. Tun 1995 akwai dokar da ta kafa hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista a Nijeriya. Abin da ake koyarwa bai wuce amsa tambayoyi kaɗan masu wuya ba: me ya cancanci a tara, yaya za a siffanta shi, ta yaya wanda bai san da shi ba zai gano shi, kuma yaya zai rayu bayan wanda ya tara shi ya mutu. Jera littafi a kanta shi ne ƙarshen aikin, hukuncin da ake yankewa kafin nan shi ne ilimin. Dubi tsarin lambobi da Ba'amurke Melvil Dewey ya fitar a 1876, wanda har gobe ɗakunan karatu da yawa ke amfani da shi. A rukunin addini, lambobi daga 220 zuwa 289 duk na Baibul ne da Kiristanci, Musulunci kuwa da tafsirinsa da hadisinsa da fiƙihunsa da sufancinsa an tattara shi a lamba ɗaya, 297. Dewey ya tsara duniyar da ya sani ne. Darasin shi ne, duk wanda zai tsara ilimi, gwargwadon saninsa da abin gwargwadon adalcin da zai yi masa.

To wa ya san kayanmu daga ciki? Zauna da ɗan gani-kashe-nin Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999, ka saka masa waƙa. Kafin amshi ya zagayo zai gaya maka wa aka yi wa ita, a gidan rediyo aka ɗauka ko a wajen biki, da kuma cewa akwai wani ɗaukar da ya fi wannan tsawo, wanda wani baiti ya bambanta a ciki. Zai faɗa maka cewa sunan da masu tura waƙa a waya suka raɗa mata ba shi ne na asali ba. Abin da ya yi ke nan a minti biyu shi ake koya wa ɗalibi a darasin siffanta kaya: tantance mai aiki, da lokaci, da wuri, da bambancin bugu da bugu. Haka masu shagunan hayar littattafai a unguwannin Kano da Kaduna da Katsina suka riƙa yi da littafin rubutu ɗaya: sunan mai aro, ranar ɗauka, kashi na nawa ya ɗauka, da wanda ke jiran a dawo da shi. Sun san wace marubuciya matan aure suka fi nema, wace kuma 'yan makaranta ke so. Ɗakin karatu ne cikakke, sai dai babu wanda ya kira shi haka.

Abin takaicin shi ne, littattafan da waɗannan shaguna suka juya suna cikin mafi girman abin da aka rubuta da Hausar boko, kuma su ne ɗakunan karatu na hukuma suka fi kau da kai daga gare su. Littattafan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, suna da mazauni a kowace kanta, kuma sun cancanta. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 aka samu ambaliyar ƙagaggun labarai da aka fi sani da Adabin Kasuwar Kano, inda Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwan wasu suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, amma galibin waɗannan ba su bi ta wannan ƙofa ba, kuma ba a fita neman su ba. Ɗauki ɗaya a hannu ka ga wahalar da ke ciki: takarda marar ƙwari da ke yin ja ta karye, sau da yawa babu shekarar bugawa, sunan marubuciya wani lokaci laƙabi ne, labarin kashi uku ne amma na biyu kaɗai ya tsira. Wanda bai karanta su da ƙuruciyarsa ba, ba zai iya haɗa kan wannan tarkace ba. Ɗaya daga cikin jerin sunayensu mafi inganci, wanda ya ƙunshi na 1987 zuwa 2002, Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan ne ya fitar da shi tare da Malami Buba da William Burgess. A gida kuma, mutane irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu ne suka tara da ƙoƙarin kansu. Mun ga yadda irin wannan ta ƙare a wani wuri: ƙananan littattafan kasuwar Onisha na shekarun 1950 da 1960, waɗanda yaƙin basasa ya karya kasuwarsu, yau mai bincike kan je har Jami'ar Kansas ta Amurka don ya ga tarinsu.

Za a ce, kuma masu faɗar ba jahilai ba ne, ɗakin karatu wurin ilimi mai amfani ne, bai kamata kuɗin jama'a ya tafi wajen adana labaran soyayya da mujallun fim ba, balle wasunsu ana zargin su da ɓata tarbiyya. Wannan damuwa ta kai har a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu littattafai da aka karɓa daga hannun ɗalibai. Ban musa cewa akwai shirme a cikinsu ba, kuma babu mai cewa a zuba kowane littafi a laburaren makarantar 'yan mata. Zaɓen abin da ya dace da wane mai karatu yana cikin abin da ake koyarwa a fannin. Sai dai ajiye abu a rumbun bincike ba yarda da shi ba ne. Wanda zai rubuta tarihin matan Arewa nan da shekara hamsin, ya so ya san yadda suka ji game da auren dole da kishiya da saki da karatun 'ya mace, rahoton ma'aikata ba zai ba shi abin da waɗannan littattafai za su ba shi ba. Ko malamin da ke son ya yi musu raddi, yana bukatar ya same su kafin ya kafa hujja.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. Jami'ar Bowling Green da ke jihar Ohayo ta buɗe ɗakin karatu na al'adun yau da kullum tun 1969, Jami'ar Ayowa kuma tana tara mujallun da masoya fina-finai da littattafai suka buga da hannunsu. Mafi ban sha'awa shi ne abin da masoyan suka gina da kansu. Bayan wasu kamfanonin intanet sun goge rubuce-rubucensu, masu ƙaga labarai kan jaruman da suke so sun kafa ƙungiya a 2007, suka buɗe rumbun Archive of Our Own a 2009. Miliyoyin labarai ne a ciki, kuma akwai 'yan sa-kai da aikinsu shi ne haɗa kalmomin nema masu ma'ana ɗaya, ta yadda duk yadda mutum ya rubuta sunan jarumi zai kai ga abin da yake nema. Rumbun ya ci lambar yabo ta Hugo a 2019. Masu saƙa da ƙwarashi su ma suna da Ravelry, wanda aka kafa a 2007, inda aka tsara zane-zanen saƙa bisa nau'in zare da kaurinsa da irin kayan da za a saƙa. Duk wanda ya karanci laburare ya duba waɗannan zai ga aikinsa ne ake yi.

A nan wani zai juya hujjar ya ce, tun da masoya sun iya, digirin me kuma? Amsar tana cikin abin da ke faruwa yanzu a gabanmu. Marubutan Hausa sun koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad. An sace waya, ko mai zaure ya rufe shi, ko kamfani ya sauya ƙa'ida, labarin ya tafi. Kaset na Shata ko Ɗanƙwairo yana cinye kansa a cikin kwali, faifan fina-finan Kannywood na farko suna karcewa, kuma idan mai tarin ya rasu magada kan ɗauki kayan a matsayin tarkace. Sha'awa tana tarawa, amma ba ta san wane tsarin ajiyar sauti zai buɗu nan da shekara talatin ba, ba ta san a ajiye kwafi a wurare daban-daban ba, ba ta san haƙƙin mallakar marubuci da mawaƙi ba, wanda masu turawa a waya ke takewa kullum. Kuma masoyi yana da son kai: zai adana gwaninsa ya watsar da abokin hamayyarsa. Horon ne ke tilasta masa ya ajiye har abin da ba ya so, ya kuma rubuta bayani ta hanyar da ɗakin karatu a Yamai ko Alƙahira zai fahimta.

Batun sana'ar hannu ya fi wannan kusa da zuciyar aikin. Rubutattun littattafanmu na Larabci da ajami, irin waɗanda ke Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken IRSH a Yamai, ba ɗinkakku ba ne. Warwaren takardu ne da ake haɗawa tsakanin kwali biyu a naɗe da fata, a saka cikin gafaka. Babu lambar shafi, marubuci kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, da ita ake gane jeri idan takardun suka hautsine. Gara na ci, ɗanshin damina na manne shafi da shafi, bushewar hunturu na sa fata ta tsage. Mai gyaran irin wannan yana bukatar idon da ke karanta rubutun allo da hannun da ya saba da allura da almakashi, ya san cewa liƙa salatif a kan yagaggen shafi kashe shi ne a hankali. Ɗan gidan dukawa ko 'yar da ta tashi tana ɗinki sun riga sun yi rabin tafiyar. Lokacin da 'yan bindiga suka mamaye Tumbutu a 2012, iyalai masu tarin littattafai da ma'aikatan laburare, cikinsu har da Abdel Kader Haidara, su ne suka kwashe dubban ɗaruruwan rubuce-rubuce a akwatuna zuwa Bamako, aikin da ya biyo baya kuma na hannu ne, share ƙura da yin akwati daidai girman kowane littafi. Sana'o'in su kansu suna bukatar mai adana su. Zanen aska takwas na babbar riga, da zanen huluna, da kalolin marinar Ƙofar Mata, mafi yawansu a kan mutane suke, kuma mutanen suna tsufa. A birnin Helsinki, babban ɗakin karatu na Oodi da aka buɗe a 2018 yana da kekunan ɗinki da kowa zai iya zuwa ya yi amfani da su. Ba na ganin abin da zai hana Laburaren Murtala Muhammad na Kano ya ware ɗaki guda inda tsofaffin maɗinka za su koyar, a kuma ɗauki hoton kowane zane a rubuta sunansa da garinsa.

Saura tambayar da ta fi damun iyaye, wato ina aikin yake. Gaskiya ɗakunan karatu na jihohi da yawa suna cikin wani hali, ga ginin hedikwatar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja da aka ba da kwangilarsa tun 2006 aka shafe shekara da shekaru ba a kammala ba. Wanda ya shiga fannin don ya yi arziki da wuri ya yi kuskuren ƙofa. Amma kowace jami'a da kwaleji dole ta mallaki laburare kafin a amince da kwasa-kwasanta, ma'aikatan da suka ƙware a ciki suna da matsayin malamai, shugaban laburaren jami'a kuma yana cikin manyan jami'an gudanarwa. Asibitoci da kotuna da gidajen rediyo da bankuna duk suna zaune a kan tulin bayanai da ke bukatar mai tsarawa. Injin bincike na intanet bai rage wannan bukata ba, domin abin da wani ya riga ya saka ya kuma siffanta shi kaɗai yake iya nemowa, kuma kayan Hausa kaɗan ne aka yi wa haka. Abin da ya rage ga sassan Zariya da Kano da Maiduguri shi ne su bar ɗalibi ya yi aikinsa na kammala digiri a kan abin da yake so: jerin littattafan marubuciya guda da shekarun fitowarsu, ko kundin waƙoƙin mawaƙi guda, ko zanen hulunan unguwa guda, sannan a ajiye aikin inda mai nema zai same shi.