Dutsen Eberest: mai kuɗi ya yi suna, ɗan dako ya ɗauki kaya

A ƙasar Nefal, can tsakanin Indiya da Sin, akwai wani gari mai suna Namce Bazar wanda kasuwarsa ke ci kowace Asabar. Mota ba ta shiga garin, domin babu hanyar mota. Duk abin da aka baje a kasuwar, shinkafa ce ko gishiri ko kwalin sabulu, a bayan mutum ya zo ko bisa dabba, sai ɗan abin da jirgi mai saukar ungulu ke kawowa da tsada. Garin yana zaune a tudu mai tsawon mitir 3,440. Don mu gane, dutse mafi tsawo a Nijar, wato Idukal-n-Tages na tsaunukan Bagzan cikin Abzin, mitir 2,022 ne. Ke nan mai sayar da albasa a Namce ta fi ƙololuwar dutsenmu nisa da ƙasa ƙwarai.

Ta wannan gari ne dubban baƙi ke ratsawa kowace shekara zuwa gindin Eberest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, wanda Nefal da Sin suka auna suka bayyana tsawonsa mitir 8,848.86 a 2020. Mutanen yankin ana ce musu Sherpa. Da yawa sun ɗauka sunan sana'a ne, alhali ƙabila ce da kakanninta suka ƙetaro daga Tibet ƙarnuka da suka wuce. Kafin Turawa su zo, fatake ne: suna ɗauko gishiri daga Tibet su musanya da hatsi daga kudu, kamar dai yadda ayarin Bilma ke kawo kantu ya koma da gero. Hawan dutse don nishaɗi ba al'adarsu ba ce, wurare ne da suke girmamawa a addininsu. Baƙi ne suka zo da buƙatar, su kuma suka ga kasuwa. Ranar 29 ga Mayu 1953 Edmund Hillary ɗan Niyu Zilan da Tenzing Norgay, Sherpa, suka zama na farko da suka taka ƙololuwar.

Masu zuwa kashi biyu ne. Mafi yawa masu tattaki ne da ke tsayawa a babban zango na gindin dutsen, mitir 5,364. Suna sauka daga ƙaramin jirgi a Lukla, filin da tsawonsa bai wuce mitir 527 ba, gaba dutse baya kwazazzabo, sannan su taka wajen kilomita 65 cikin kwana takwas ko tara. Wanda ya saba tafiya kasuwar ƙauye da ƙafa zai ce ai wannan tafiyar kwana biyu ce. To, ba nisan ne matsalar ba, iska ce. A babban zango, abin da mutum ke samu na iskar oksijan a kowane numfashi rabin na bakin teku ne, a ƙololuwa kuwa kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya yi gaggawa sai ciwon kai da amai, in ya matsa ruwa ya taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma babban magani shi ne a sauko da shi nan take. Shi ya sa jagora ke tilasta wa baƙonsa kwana biyu a Namce, kwana biyu a Dingboce, ko da yana jin ƙarfi. Aikin madugu ke nan: shi ke sanin zango, shi ke duba idon kowa da safe, shi ke cewa yau ba a tashi.

Kashi na biyu su ne masu neman ƙololuwa. Wasu na farawa da ƙanana irin su Mera mai mitir 6,476, amma Eberest shi ne babbar haja. Takardar izini kaɗai, wato fatantin da gwamnatin Nefal ke karɓa a kan kowane baƙo, ta tashi daga dala 11,000 zuwa 15,000 tun watan Satumba 2025. Dalar Amurka fa ake nufi, ba dalarmu ta ciniki ba. Kuɗin ya haura miliyon 8 na sefa. In aka haɗa da ladan kamfani, da abinci, da tanti, da kwalaben oksijan na wata biyu, mutum ɗaya kan kashe daga dala 40,000 zuwa sama da 100,000. A 2023 Nefal ta sayar da irin wannan takarda 478.

Yanzu bari mu dubi inda kuɗin ke tsayawa, domin nan ne zancen ya shafi duk wanda ya taɓa biyan ɗan dako a bakin tasha.

A can ƙasan tsani akwai masu ɗaukar kaya daga Lukla zuwa sama. Yawancinsu ma ba Sherpa ba ne, talakawan manoma ne na ƙabilun Rai da Tamang da ke hawowa ci-rani. Suna zuba kaya cikin wani kwandon gora da suke kira doko (sunan ma kamar daga bakinmu aka ɗauko shi), su rataya shi da maɗauri a goshi, da ƴar sanda mai kan tsaye da suke jingina kayan a kai in za su huta. Wanda ke bin baƙi ana ƙayyade masa wajen kilo 30. Wanda ke kai kayan kanti kuwa da kilo ake biyan shi, don haka yana lodi iyakar ƙarfinsa. Wani bincike da aka buga a 2005 kan masu kai kaya kasuwar Namce ya samu cewa maza na ɗaukar kusan nauyin jikinsu, mata kuma kashi biyu cikin uku na nasu. Abin da ke cinye ribarsu kowace ƴar kasuwa ta san shi: farashi na hawa tare da hanya. Kwanon shinkafa da miyar wake da ake ci da arha a Lukla, a kusa da babban zango ya ninka, domin ita ma shinkafar wani ne ya ɗauko ta a baya. Ɗan dako da kansa ke sayen abincinsa a wannan farashi.

Daga babban zango zuwa sama aikin na ƙwararru ne. Tun a farkon hanya akwai wurin da ake kira gangaren ƙanƙarar Kumbu, kogin ƙanƙara ne da ke motsi a hankali yana tsagewa, da ramuka masu zurfi da curin ƙanƙara kamar bene da ke iya faɗowa ba sanarwa. Kowace shekara wasu ƴan Sherpa ke shiga su ɗaura igiyoyi, su shimfiɗa tsani bisa ramukan. Baƙon da ya biya zai ratsa wurin sau ƴan kaɗan. Mai ɗaukar masa tanti da oksijan zai ratsa sau ashirin ko fiye a kaka ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai nan gardin suna yake karɓa. Cikin mutane sama da 300 da suka rasu a dutsen, wajen kashi ɗaya cikin uku ƴan Sherpa ne.

Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta zaftare a wannan wuri ta kashe ma'aikata 16, dukkansu ƴan Nefal. Gwamnati ta ce za ta ba kowane gida rufi 40,000, wajen dala 400, daga hukumar da ke karɓar dubbai a kan kowane baƙo. Sai ma'aikatan suka kwance tantunansu suka sauko, kakar shekarar ta mutu daga ɓangaren Nefal, kamfanoni suka yi asara. Bayan haka aka ɗaga kuɗin asirans na ran ma'aikaci daga dala 10,000 zuwa 15,000. A ganina wannan yajin ya fi kowane tarihin hawa muhimmanci, domin ranar ce kowa ya gane ba mai hawa in ba a ɗaura masa igiya ba.

Abu ya ɗan sake tun daga nan. Da can kamfanonin Turai da Amurka ke riƙe da cinikin, ƴan ƙasa na yi musu aiki; yanzu kamfanonin ƴan Nefal, irin su Seven Summit Treks da ƴan'uwa Sherpa suka kafa, su ke ɗaukar mafi yawan baƙi. Kami Rita Sherpa, wanda ya fara da dako, ya taka ƙololuwar karo na 31 a Mayun 2025. Masaukan da ke kan hanya kuwa galibi mata ke tafiyar da su, su ke riƙe da tukunya da littafin lissafi yayin da maza ke sama. Wasu matan ma sun hau: Pasang Lhamu ce ƴar Nefal ta farko a 1993, ta rasu wajen saukowa, Lhakpa Sherpa kuma ta kai sau goma a 2022, alhali tsakanin hawa da hawa aikin kanti take yi a Amurka don ciyar da ƴaƴanta.

Duk da haka iyaye da yawa da suka tara kuɗi a dutse lakkol suke sa ƴaƴansu a Katmandu don kada su gaje su. Kuma a 2024 an gwada jirgi marar matuƙi da ya ɗauki kilo 15 daga babban zango ya tsallake gangaren Kumbu cikin ƴan mintoci, tafiyar da ke cin mutum sa'o'i. A 2025 an yi aiki da shi wajen kai igiya da tsani da sauko da shara. Zai rage yawan ratsa wurin da ya ci mutum 16. Zai kuma rage yawan lodin da ake biyan mutum a kai.