Hankakan Indiya Ya Addabi Gaɓar Tekun Kenya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hankaka mai farin ƙirji, wanda ake yi wa kirari da mai da ɗan wani naka. Wannan namu ne, tare muka gaji ƙasa da shi. Amma akwai wani hankaka baƙo, mai wuya ruwan toka, wanda asalinsa daga Indiya ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, kuma shi ne ya hana mutanen gaɓar tekun Afirka ta Gabas sakat. Labarinsa muka kawo muku a wannan mako, 'yan'uwa masu karatu.

Mutane ne suka kai shi da hannunsu. A shekarun 1890, lokacin da Turawan Ingila ke da iko a tsibirin Zanzibar, aka sako waɗannan tsuntsaye domin su riƙa cinye shara a cikin gari. Shara dai ba ta ƙare ba, hankaki kuwa suka yi ta hayayyafa. A 1947 aka fara ganinsu a Mombasa. Da yake suna hawa jiragen ruwa su sauka a duk tashar da suka samu, sun isa Darussalam, da Jibuti, da Fot Sudan, har Durban ta Afirka ta Kudu.

Ɓarnar wannan tsuntsu ba kaɗan ba ce. Yana fasa sheƙar ƙananan tsuntsaye irin su kabare, ya shanye ƙwai, ya cinye 'ya'yan. Idan garkensu ya kama unguwa, a hankali sai a daina jin kukan tsuntsayen da aka saba ji da asuba. Har hankaka mai farin ƙirji sukan taru su kore shi. Mai kiwon kaji ba ya da kwanciyar rai, gama 'yan tsaki ba su tsira ba. A otal-otal na bakin teku, inda dubban mutane ke samun abin kai wa bakin salati, sukan sure abinci daga farantin baƙo yana ji yana gani.

Cikin waɗanda suka tashi tsaye akwai wata ƙungiyar Kirista mai suna A Rocha, wato dutse da harshen Fotugal, ƙasar da aka kafa ta a 1983. Reshenta na Kenya yana garin Watamu. Tushen aikinta shi ne koyarwar da muka sani a Littafin Farawa, cewa amana aka ba ɗan Adam ya kula da halitta. Ma'aikatanta sun haɗa kai da masu otal da mazauna Watamu da Malindi, suka yi amfani da wani magani mai suna Starlicide, har ya zama kafin 2005 hankaki sun kusa ƙarewa a garuruwan nan biyu. Sai aka hana shigo da maganin, aikin ya tsaya. 'Yan kaɗan da suka rage, da waɗanda suka ƙauro daga Mombasa, suka sake cika gari fiye da dā. A 2024 Hukumar Kula da Namun Daji ta Kenya ta ba da izinin a koma aiki, aka kuma sanar da burin kashe hankaki har miliyan 1.

Ga yadda ake yi. Masu aikin sa kai sukan tsaya da magariba su ƙirga hankaki yayin da suke komawa bishiyoyin da suke kwana, domin a san yawansu. Sa'an nan a yi kwanaki ana zuba musu guntayen nama a wuri guda har su saba, a kuma tabbata ba wani tsuntsu ke zuwa ci ba. Bayan haka ne ake sa maganin. Ba ya kisa nan take, saboda haka sauran ba sa gane inda mutuwa ta fito, domin hankaka tsuntsu ne mai wayo ƙwarai. Kuma maganin yakan narke a jikinsa kafin ya mutu, abin da ke rage hatsari ga dabbar da za ta ci mushen. Duk da haka ana bi ana kwashe gawarwakin.

Tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman ya fi sa'a, domin tun suna kaɗan aka far musu. An riƙa biyan yara su kwaso 'ya'yan hankaki daga sheƙa, sa'an nan a 2009 aka harbe 'yan ƙalilan da suka rage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kashe tsuntsu da guba ba abin murna ba ne, laifin kuma ba na hankaka ba ne. Mutum ne ya ɗauke shi daga inda Allah ya ajiye shi, kuma jujin da mutum ya tara shi ke ciyar da shi har gobe. Muddin shara na zube a kasuwa da mahauta, magani kaɗai ba zai isa ba. Mu ma da muke da tashoshin jiragen ruwa a Legas da Fatakwal, ya kamata mu sa ido, mu kuma tsabtace unguwanninmu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.