KARE MAI DOGON GASHI A ƘASAR ƘARANGIYA
Yadda ake tsefe shi in gashinsa ya cukurkuɗe

Karen da ƙasar Sahel ta saba da shi mai gajeren gashi ne. Karen Azawak, wanda Buzaye ke kiwo a arewacin Tawa, kuma aka fara kai irinsa Turai a shekarun 1970, gashinsa kwance yake a jikin fata, ba ya bukatar mataji. Amma a Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai gidajen da ke ajiye karnukan da asalinsu na ƙasashen sanyi ne, kamar kanish mai nannaɗaɗɗen gashi, wanda Faransawa ke ji da shi, ko karen Afganistan, wanda aka kai Ingila a shekarun 1920 daga ƙasa mai tuddai da sanyi. Gashin da ke kare su daga ɗari a can, shi ne ke zame musu wahala a nan in aka yi sakaci.

Gashi ba ya cukurkuɗewa rana guda. Wanda ya tsinke bai faɗi ba yakan sarƙe da mai rai, ƙura da gumin ƙasa su haɗe su, har su zama curi. Wuraren da ake fara gani su ne bayan kunne, da hammata, da ƙarƙashin abin wuya, da tsakanin cinyoyi, domin nan ne gashi ke gogar juna. Da kaka kuwa, in ƙarangiya ta bushe, ƙwaya guda ta isa ta tara gashi kewaye da ita.

Abin ya wuce muni a ido. Curin yana jan fata duk sa'ad da dabba ta motsa, yana kuma riƙe laima, fata ta jiƙe ta yi gyambo. Ƙarƙashinsa kaska da ƙuma ke ɓuya, kaskar kare kuwa tana sa cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da rama. Akwai kuma ƙudan da Faransawa suka raɗa wa tsutsarsa sunan Kayor, wani yanki na Senegal. Yana yin ƙwai a rairayi mai inuwa da fitsari ya ɓata, tsutsar ta shiga fatar karen da ya kwanta nan, ta girma cikin kwana 8 zuwa 12. In gashi ya dunƙule, mai kare ba ya ganin kumburin sai ya yi nisa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar wanka. Ruwa yana ƙara ɗaure curi, in ya bushe ya yi tauri kamar tabarma. Tsefewa ita ce farko, wanka ya biyo baya. Kayan aiki ba su da yawa: matajin ƙarfe mai manyan haƙora, da buroshi, da almakashi mai dakusasshen baki, da ɗan garin sitaci na masara da ake barbaɗawa don gashi ya yi santsi.

A zaɓi safiya ko maraice, a inuwa. Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, kuma da haki yake rage shi, don haka riƙe shi cikin ranar bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, haɗari ne. Mai tsefewa ya kama gindin curin da yatsu kusa da fata, yadda jan mataji zai tsaya a hannunsa. Ya fara buɗe curin da yatsu, sa'an nan ya taje daga bakin gashi yana matsowa gindi kaɗan kaɗan. Minti 15 ya isa zama guda, a huta, a ba dabba ruwa. Sannu ba ta hana zuwa.

In curi ya ƙi, a zura mataji tsakaninsa da fata, a tsaga shi da almakashi a tsaye, ta tsawon gashi, ya rabu gida uku ko huɗu, a ci gaba da tajewa. Kada a yanke shi a kwance, domin curin yakan ɗago fata ya shigar da ita cikinsa, kuma fatar bayan kunne da ta hammata ba ta da kauri.

In kuwa jiki duka ya zama curi guda, manne da fata, tsefewa azaba ce kawai. Aski ne magani, da injin aski, a hannun likitan dabbobi ko wanda ya san aikin. Likita ne zai duba gyambo, ya cire tsutsa, ya ba da maganin kaska da ya dace da nauyin dabbar. Kada a shafa mata kalanzir ko baƙin mai ko maganin ƙwarin gona: kare yana lasar jikinsa, guba ce a gare shi. Bayan aski a ajiye shi a inuwa har gashi ya tsiro, domin fatar da ba ta saba da rana ba tana ƙuna.

Ya kamata a kiyaye mutum shi ma. Kare mai jin zafi yana cizon ko da ubangidansa, saboda haka a sa masa takunkumi mai laushi, a nisantar da yara, a tabbata an yi masa allurar rigakafin haukan kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ya tafi asibiti ran nan.

Duk wannan wahala tajewar minti kaɗan ke hana ta, sau uku ko huɗu a mako, da kaka kuwa kullum, tare da share makwancin dabba. Wanda ya ga ba zai iya wannan hidima ba, gara ya nemi karen ƙasa mai gajeren gashi, wanda ya san zafinta da ƙarangiyarta.